Gayyar Baturiya

A duk Unguwar Jibo, wani ɗan ƙauyen Maguzawa da ke gabas da Gozaki, babu wanda ya kai Baturiya zagin akwatin mijinta. In ta tashi masifa a kansa, har awaki sai sun daina tuƙa. Ta zage shi da damina, ta zage shi da rani. Takan ce akwatin da ba ya waƙa, ba ya ba da labarin duniya, sai kuka irin na 'yan tsaki, ai wannan ba rediyo ba ne, wahala ce aka yi wa murfi. Shi ya sa ranar da ta tsaya wa akwatin nan mutane suka rasa bakin magana.

Sunan mijin nata Baƙo, amma tun da ya dawo daga yaƙin Bama kowa Soja yake ce masa, har ita. A soja ya koyi buga waya, irin wadda ake danna ɗan maɓallin tagulla, gajere da dogo, na can nesa ya mayar da bugun haruffa. Bayan yaƙi ya yi shekaru a gidan waya na Funtuwa yana aika saƙon mutane: wane ya rasu, wance ta haihu, a turo mota a kwashi auduga. Yakan ce ya tsufa yana aika maganar wasu, bai taɓa aika tasa ba. Da ya ajiye aiki, shekara biyu bayan samun mulkin kai, sai ya dawo gida da tarkacen rediyon soja da takardar izini mai ɗauke da lambar kiransa, da wani inji mai hannu biyu wanda sai an murɗa shi yake ba da wuta. Ya gina ɗan ɗaki a tsakiyar gonarsa ya zuba su ciki.

Da a gajeren zango ya tsaya, da an zauna lafiya. A can, in ji shi, ko da igiyar shanya ka yi magana da Ingila da rana tsaka, kuma ya yi, don katunan shaida da aka aiko masa sun rufe rabin bango. Amma akwai wani zango can ƙasa, mita ɗari da sittin, wanda masu wannan wasa suke ji da shi. Shi ba ya tafiya sai cikin duhu, ba ya shiri da tsawar damina, kuma ƙofarsa ba ta buɗewa sosai sai daidai lokacin da gari ke wayewa, na ɗan abin da bai wuce a dama fura a shanye ba. Wasu Turawa a Kaduna, masu injin wuta da dogayen turakun ƙarfe, sun gwada tsallake teku da shi har sun gaji. Da Soja ya ce zai gwada daga gonar ubansa, ɗayansu ya dafa masa kafaɗa ya ce ya dai je ya yi noma. Wannan dafa kafaɗar ce ta hana shi sakat har shekara biyu.

Ya ja doguwar waya daga ƙololuwar rimi zuwa kan gawo. Rabin aikin ke nan, sauran rabin a ƙasa yake. Kafin ruwa ya sauka ya haƙa layuka ashirin da huɗu, daga bakin ɗakin zuwa iyakar gonar ta kowace fuska, ya binne wayar jan ƙarfe zurfin kamu guda, inda galma ba ta kaiwa. Ya ce wannan zangon sai ya taka ƙasa da ƙarfi kafin ya iya tsalle. Baturiya ta ce in dai haƙa za a yi, to ba za a yi ta a banza ba, ta bi layukan nan kaf ta zuba takin awakinta kafin a mayar da ƙasa. Wuyanta ya san kwandon da ya ɗauka.

Ita ce kuma mai murɗa injin, tana murɗawa tana mita. A duk kukan akwatin abu ɗaya tak take ganewa, shi ne sunanta. Tun suna sabon aure Soja ba ya kiranta da baki a gaban manya, sai ya ƙwanƙwasa mata sunan a jikin turmi ko ƙyauren ɗaki, gajere da dogo, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba, can ta tashi.

A shekarar nan ce wasiƙa ta zo daga wani tsohon masunci a gaɓar tekun Kanada, mai irin wannan haukan. Suka yi alkawarin Lahadi uku a jere cikin sanyin ƙarshen shekara, da asubar nan gida. Lahadin farko babu komai sai ƙara. Ta biyu Soja ya jiyo mutumin can ƙasa-ƙasa, amma shi mutumin bai ji Soja ba. Saura ɗaya.

To, a daminar nan ruwa ya ɗauke da wuri. Dawar mutane ta tsumbure, zangarniya kamar wutsiyar ɓera, ita kuwa ta Soja ta yi kai har tana sunkuyawa. Tun a girbi ake ƙus-ƙus. Sai ga Rabe, wanda gonarsa ke manne da ta Soja, yana saran kara a kan iyaka, magirbinsa ya kamo bakin waya, tana nuna tsakiyar gonarsa sak. Ya bi iyakar yana tono, ya ga wata na nuna gonar wane, wata ta wane. Kowa a ƙasar nan ya taso da jin cewa akwai manoman da ke binne asiri su janye kurwar dawar maƙwabta zuwa tasu gonar. Amma ko a labarin kakanni ba a taɓa jin wanda ya binne ashirin da huɗu ba.

Ranar Litinin aka taru gindin tsamiyar Baba Jibo, Sarkin Noma, ƙanen mahaifin Soja, wanda unguwar ta ci sunansa. Mata ba sa zama a irin wannan taro. Baturiya ta sami gefen danga ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta share wuri ɗaya ya fi sau goma.

Rabe ya jefa guntuwar wayar a gaban tsohon ya ce, "Ga ta nan, Baba. Gonata da tashi rana ɗaya muka shuka, ruwa ɗaya muka sha. Shi rumbu ya cika, ni 'ya'yana za su ci ƙasa. In wanga ba sata ba ce, a gaya mani sunanta."

Soja ya yi bayani iyakar ƙoƙarinsa. Ya kawo maganar zango, ya kawo maganar teku, ya fito da takardarsa mai hatimi. Baba Jibo ya riƙe takardar a juye ya daɗe yana dubanta, sannan ya mayar masa.

"Takardar ta ce ka yi magana da iska. Ta ce ka binne abu a ƙasar kakanninmu?"

Soja ya ninke takardarsa, tsohon ya ci gaba.

"Ban ce kai ɓarawo ne ba, ɗana, ban kuma ce ba kai ba ne. Abin da aka binne a ɓoye, a tone shi a fili. Kwana shida daga yau, kowa ya zo da fartanyarsa."

Soja ya lissafa da yatsu, ya ga Lahadi ce. Ya ce, "Baba, ku bar mani har rana ta fito. Hantsi kawai. Daga nan ni da kaina zan tone."

Rabe ya yi tsalle ya dire. "Kun ji ko? Ina aka taɓa tone asiri rana na gani? So yake ya bi mu gida!" Taro ya ɗauki gunaguni, don haka al'adar take, abin da aka binne da mugun nufi kafin fitowar rana ake fid da shi. Baba Jibo ya buga sandarsa ya ce da carar zakara ta fari za a fara.

Soja ya dawo gida ya zauna a kan turmi, ya zuba hannuwa tsakanin gwiwoyi. Baturiya ba ta taɓa ganinsa haka ba, ko ranar da aka binne ubansa. Ya ce gara ya tone abinsa da kansa tun kafin a tsinka masa wayar da fartanya, ya rubuta wa mutumin Kanada ya ce ya yi haƙuri.

Abin mamaki, ita da ta shekara biyu tana roƙon ranar da za a rabu da akwatin nan, sai ga ta ta harzuƙa.

"Ɓarawo aka ce maka a gaban dangi, Soja, shi ne za ka je ka taya su tono?"

"To yaya zan yi? Baba ya yanke."

"Baba ya yanke nashi. Takin da na kai gonar nan da wuyana shi ne yau ya zama kurwar dawar Rabe? Rabe da ko kashin kaza bai taɓa kai wa gonarshi ba? Kar ka taɓa wayar nan. Ka share akwatinka, ka shirya wa Lahadi."

"Kafin gari ya waye sun gama tonewa, Baturiya."

"Wannan kuma ba ruwanka."

A gidajen nan, in an gama girbi akan liƙe rumbun gandu da laka, ba mai buɗe shi sai ruwan fari ya sauka, lokacin da maza ke buƙatar ƙarfin noma. Duk tsawon rani mace daga nata rumbun take ciyar da kanta da waɗanda ke ɗakinta, da abin da ta noma a gayaunarta, wato 'yar gonarta ta kanta. Namiji ba ya ko leƙa rumbun mace, balle ya ce mata ga yadda za ta yi da shi. Gayaunar Baturiya tana can bakin dutse, ita ma fari ya taɓa ta, rumbun ko rabi bai kai ba. Shi ne abincinta da 'ya'yanta mata biyu da surukarta Marka har zuwa damina.

Da yammacin nan ta jingina tsani ta cire murfin, ta shiga fito da dawa. Marka ta fito tana dogara sanda, ta tsaya tana kallon tulin da ke ƙaruwa.

"Ke 'yar nan, me za mu ci da bazara?"

"Rama da tafasa, Iya. Mun taɓa ci ba mu mutu ba."

"Kan akwatin da kike zagi?"

"Ni ke zaginshi, ni ke murɗa shi. Amma ba zan zauna a ce ɗanki ɓarawo ne, kuma a hana shi abu ɗaya da ya taɓa so wa kanshi ba."

Tsohuwar ta sake duban tulin dawar. Can sai ta juya ta shiga ɗaki, ta fara mirgino manyan tukwanenta na dahuwar giya, waɗanda rabon da a ɗora su a wuta tun bikin mutuwar mijinta.

Aka jiƙa dawa, aka shimfiɗa ta a inuwa aka rufe da ganye har ta yi tsiro. Aka shanya, aka hau niƙa. Baturiya ta durƙusa a kan dutsen niƙa yini biyu cur, har fatar tafin hannunta ta saɓule. Aka dafa, aka tace, aka sake dafawa, tana tsaye da muciya tana juya tukunya goma sha biyu, hayaƙi na cin idonta. Ƙamshi ya cika unguwa. Mutane suka ce ai matar Soja giyar ban haƙuri take yi, za ta wanke wa mijinta fuska a gaban dattawa. Rabe ya riƙa bi gida-gida yana cewa da ma ya san mai bakin nan za ta sauko. Maganar ta dawo kunnenta, ta ƙara itace a wuta.

Ranar Lahadi, zakara na yin cara, maza suka fara sauka gonar Soja da fartanyu a kafaɗa, sun kai talatin, kowa ya ƙudundune cikin bargo saboda sanyi. A bakin gonar suka tarar da wuta na ci, tukwane jere suna kumfa, Marka na zaune da tarin ƙoƙuna a gabanta. Baturiya ta cika babban ƙoƙo ta durƙusa a gaban Baba Jibo, ta ɗaga murya yadda na baya ma zai ji.

"Gayya ce na kira, Baba. Ga ruwan gayya."

Kowa a wurin ya san dokar gayya tun yana goye. Wanda ya ajiye fartanyarsa a gindin tukunya ya sha, to shi da fartanyar da hannun da ke riƙe ta na mai gayya ne har rana ta take tsaka, aikin da aka sa shi kuma shi zai yi. Amma wane aiki ne a gonar nan yau in ba tono ba? Rabe ya yi dariya ya ce har da gayya aka kira musu, lallai an ji jiki. Ya riga kowa jefar da fartanya, ya kafa kai.

Baba Jibo bai yi dariya ba. Ya dubi tukwanen, ya dubi tulunan wofi da aka jera can gefe waɗanda ba wanda ya kula da su, ya dubi hannayen Baturiya da aka naɗe da tsumma. Ya daɗe yana kallonta, ita ma ba ta sunkuyar da kai ba. Sannan ya ajiye fartanyarsa a hankali, ya karɓi ƙoƙon ya sha.

Sai da ƙoƙo ya zagaya kowa sau biyu, ta miƙe ta ɗaure ɗamara.

"To, ga aikin. Kowa ya ɗauki tulu. Rijiyar fadama za ku, ku ɗebo ruwa ku bi layukan nan ɗaya-ɗaya kuna zubawa, daga bakin ɗaki har iyaka. So nake ƙasar ta jiƙe sharkaf kafin gabas ta yi ja."

Soja ne ya taɓa faɗa mata cewa da ƙasar na da damshi da wayar ta fi ƙarfi, tun ranar da mutumin Kanada ya kasa jinsa. A lokacin tsaki ta yi, amma ta riƙe.

Maza suka dubi juna. Rabe ne ya fara dawowa hayyacinsa.

"Aradu ba zan yi ba! Mu zo tone abu, a sa mu ba shi ruwa? Baba, ka ji matar nan?"

"Ka sha ko ba ka sha ba?" in ji tsohon.

"Na sha, amma hukuncinka fa? Rana za ta fito!"

"Hukuncina na nan, a tone gobe da asuba. Gayya kuwa ta girme ni, tarar da ita na yi." Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙaramin tulu. Da aka ga Sarkin Noma da furfurarsa ya nufi fadama, ba wanda ya iya tsayawa.

Baturiya ta ruga ɗakin rediyo. Soja na zaune da abin ji a kunne, fitila na ci ƙasa-ƙasa, ya zuba mata ido kamar yau ya fara ganinta. Ta ce, "Kalli akwatinka, ba ni ba." Ta zauna ta kama hannayen injin. Akwai ɗan agogo a jikinsa mai allura, sai allurar ta tsaya a kan jan layi sannan wutar ke isa. Ta murɗa, inji ya ɗauki gurnani, allura ta hau. Soja ya buga lambar mutumin da tasa, ya maimaita, ya ɗaga hannu. Ta tsaya. Ya kasa kunne. Babu.

Haka suka yi ta yi. A waje tana jin takun maza da ɓulɓular ruwa da gunaguninsu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa kamar an yi ruwan fari. Ta kafar ƙyaure duhu ya fara komawa toka-toka. Kwana shida na niƙa da tuƙi suka taso mata a kafaɗu, tsumman hannunta ya jiƙe, kuma ba da gumi ba. A karo na bakwai Soja ya daskare, ya danne abin ji da hannu biyu.

"Ga shi nan! Ya fito sarai! Murɗa!"

Ta murɗa da iyakar ƙarfinta. Ya buga, ya ɗaga hannu, ya saurara, fensir na gudu a kan takarda.

"Ya ji wani na kira, amma rabin lambata ya kama. Ya ce in sake. Murɗa, Baturiya, yanzu ne!"

Ta kama, ta juya sau uku, a na huɗu hannun damanta ya ƙi. Ba gajiya ba ce irin wadda ake cije baki a wuce, damtsen ne ya ƙulle kamar dutse. Ta gwada da hagu kaɗai, allura ta sauko tana lilo. Ta ga haske ya fara ja a kafar ƙyaure. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko lokacin da ta ga gindin rumbunta. Ta tura ƙofa da ƙafa, wanda ta gani a kusa kuwa ba kowa ba ne sai Rabe, tulu a kafaɗa, fuska a murtuke.

"Rabe! Ajiye tulun nan ka shigo!"

"Ni? Cikin ɗakin nan? Ko a mafarki!"

"Dawata ce a cikinka, hannunka nawa ne har tsakar rana. Shigo, ko in kira Baba ya gaya wa duniya ka ci gayya ka gudu!"

Ya shigo yana waige-waige kamar wanda zai ga dawarsa a rataye. Ta danna shi a kan kujerar, ta ɗora hannayensa a kan ƙarfen. Ba a raba Rabe da ƙarfi, kai ne dai sai a hankali. Tana tsaye a kansa tana buga masa ƙafa irin ta masu daka, tana cewa ƙara, rage, riƙe nan, har allura ta kwanta a kan jan layi ta ƙi motsi. Soja ya buga lambarsa sau uku, a hankali, kowane harafi da nauyinsa. Ya ɗaga hannu. Inji ya yi shiru.

Ba ta san tsawon lokacin da suka yi a haka ba. Ta dai ga fensir ya tsaya, ta ga ruwa na bin kumatun mutumin da ya je Bama ya dawo ba a taɓa ganin hawayensa ba.

"Ya ji," ya ce. "Ya maimaita ta daidai, ko harafi bai ɓace ba."

Ya share ido da hannun riga ya ce, "Rabe, ƙara mani kaɗan." Rabe ya murɗa ba musu. Soja ya buga wasu 'yan kalmomi, a ƙarshensu kuma sai Baturiya ta ji abin da ta sani, bugun nan na jikin turmi. Kafin ta buɗe baki ya cire abin ji ya ɗora mata a kunne.

Da farko ba ta ji komai ba sai shuu, kamar ruwan sama a kan ganyen dawa. Can ƙasa, siriri kamar kukan ɗan tsako a cikin ƙwai, sai ga shi. Gajere da dogo, a hankali, da hannun da ba na Soja ba, hannun wani tsoho da ba ta taɓa gani ba a bayan teku, yana lallaɓa sunanta don kar ya yi kuskure. Ya buga shi har ƙarshe. Ya fara na biyu, rana ta leƙo ta ƙofa ta sauka a kan akwatin, sautin ya yi ƙasa ya nutse cikin shuu ɗin.

Ta cire abin ji ta ajiye. Ta so ta yi masifa don kar ta yi kuka, ta rasa wanda za ta yi wa.

A waje maza sun taru da tulunansu, ƙafafu duk taɓo. Baba Jibo ya tambayi Soja me mutumin ya ce.

"Ya ce ya ji ni. Ya ce ƙanƙara na zuba a garinsu. Ya gai da Baturiya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Tsohon ya girgiza kai. "Rumbu guda ya tafi a kan wannan."

"Rumbuna ne, Baba," in ji Baturiya. "Kuma rana ba ta take tsaka ba. Akwai dangar Iya da ta faɗi, a je a tashe ta."

Washegari da asuba aka tone wayoyin, duk ashirin da huɗun, kamar yadda aka yanke. Ba a sami laya ba, ba a sami ƙaho ba, sai jan ƙarfe da ya yi kore da ruɓaɓɓen takin awaki. Rabe ya shinshina wata ya ce shi dai har yanzu bai yarda ba. Soja na biye da su yana naɗe abinsa a gwiwar hannu, ko a jikinsa. Baturiya na tsaye a kan iyaka, hannu a naɗe da sabon tsumma.

"Baɗi babu waya, Rabe. In dawarka ta sake tsumburewa, sai ka nemo wanda za ka ɗora wa. Ko kuwa ka zo in ara maka kwando."

Da ta koma gida ta jingina tsani ta hau don ta mayar da murfin rumbu. Ta leƙa ciki. Abin da ya rage a gindi, ta share shi da tafin hannu, bai cika ƙwarya ba, ga wata biyar kafin ruwa. Ta miƙa wa Marka ƙwaryar, ta rufe murfin ta sauko. Har ta juya za ta tafi, sai ta tsaya, ta dunƙule hannun hagu ta ƙwanƙwasa sunanta a jikin rumbun, gajere da dogo, a hankali, yadda tsohon ya buga shi. Da yake babu komai a ciki, rumbun ya amsa da ƙarfi, har gidan Rabe an ji.